Kiɗan fiyano: a koma wa tsohuwar hanyar koyarwa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in tsoma baki a kan wani ƙorafi da ya yi yawa a garin nan na Kaduna. Duk inda manya suka zauna, a majalisar ƙofar gida ko a filayen rediyo da ake bugo waya, sai ka ji ana cewa waƙoƙin yaran yanzu ba su da bambanci, in ka ji ɗaya ka ji goma. Wasu su ɗora laifin a kan kwamfuta, wasu a kan finafinan Indiya, wasu su ce lalaci ne kawai. Ni tsohon ɗan badujala ne, na busa ƙaho har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Kakuri ina koya wa matasa fiyano da karatun nota, wato rubutun kiɗa, a barandar gidana. Yaran nan suna da kunne, suna da hannu. Abin da ya rage musu shi ne ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda sauti biyu ke tafiya tare, kowanne a kan hanyarsa, ba tare da ɗaya ya take ɗaya ba.

Iri uku ne suke zuwa wurina. Akwai yaran situdiyo, irin wani da ke zuwa daga Tudun Wada, wanda sana'arsa yi wa amare waƙar biki. Kod, wato sautukan da ake dannawa tare a lokaci guda, huɗu ya sani, na do, so, la, fa, yana juya su daga farkon waƙa har ƙarshe. Hannun hagunsa ya ƙame a siffa ɗaya, yatsu uku, yana ɗaga shi yana direwa. In muryar mai waƙa ta yi sama, ba ya sauya yatsu, maɓallin taransifos yake dannawa injin ya yi masa aikin. Akwai 'yan kwaya na coci daga Sabon Tasha da Narayi, waɗanda ke karanta do-re-mi tiryan-tiryan, amma in ka ba su sabuwar waƙa ka ce su sa mata alto, wato murya ta biyu, sai su bi ƙarƙashin sofurano, muryar sama, da tazara ɗaya har a gama. Sai kuma waɗanda suka yi karatun kiɗa a kwaleji. Su ne suka fi ba ni tausayi. In ka ajiye musu takardar Mozart, za su rubuta lambobin Romawa a ƙarƙashin kowane kod ba kuskure. Ka ce su zauna su tsara maka layi biyu nasu na kansu, sai a fara sosa ƙeya.

Waɗannan lambobi na Romawa da ake cin jarrabawa da su, baƙi ne a tarihin kiɗa. Bafaranshe Rameau ne a 1722 ya bayyana cewa do-mi-so da mi-so-do da so-do-mi duk kod ɗaya ne, juya shi aka yi. Lambobin kuwa ba su bazu ba sai da Bajamushe Gottfried Weber ya fara fitar da littafinsa a 1817. A lokacin Bach ya rasu tun 1750, Mozart tun 1791, Haydn tun 1809. Ke nan mutanen da ake ba yaranmu kiɗansu su yi wa lamba, su ba da lambar aka koya musu ba. Ba na raina lambobin, suna da amfani wajen bayyana abin da wani ya riga ya gama. Amma ba sa koya wa hannu abin da zai yi a gaba.

To yaya aka koya musu? Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta birnin Nafoli a ƙasar Italiya. Gidajen marayu huɗu ne a can suka rikiɗe suka zama makarantun kiɗa, mafi tsufansu, Santa Maria di Loreto, an kafa shi a 1537. Yaro zai shiga yana ƙarami ya yi wajen shekara goma a ciki. Shekarun farko waƙa ce aikinsa, do-re-mi safe da yamma, malami na kaɗa masa bes, wato muryar ƙasa, a ƙarƙashi, har kunnensa ya saba da yadda muryar sama ke zama a kan ta ƙasa. Manyan ɗalibai su ke koya wa ƙanana. Ana hayar yaran su yi waƙa a coci da wajen jana'iza, kuɗin ya shiga asusun makaranta. Sai murya ta zauna sannan a kai shi gaban fiyanon zamaninsu a ajiye masa takarda mai layi ɗaya tak, na hannun hagu. Na dama ba a rubuta komai ba, shi zai cika nan take. Wannan takarda ita suke kira fartimento. A farko ana sa masa lambobi a saman bes don su yi masa jagora, daga baya a cire su, ya dinga gane abin da ya dace daga tafiyar bes ɗin kanta.

Daga wannan gida na Loreto Domenico Cimarosa ya fito. Mahaifinsa magini ne da ya faɗo daga kan gini ya rasu, mahaifiyarsa wanki take yi. An kai shi makarantar a 1761, a 1787 kuma Sarauniya Katarina ta Rasha ta ɗauke shi makaɗin fadarta. Ɗaya daga cikin malamansa, Fedele Fenaroli, ya buga dokokin da yake koyarwa a 1775, aka ci gaba da aiki da su a Italiya fiye da shekara ɗari. Ɗan ƙaramin littafi ne. Ina ambaton talaucin yaran da gangan, saboda a nan ana ɗaukar irin wannan ilimi kamar na 'ya'yan masu hali ne da ke da fiyano a falo.

Bari in ba masu karatu ɗanɗanon abin da ke ciki, don kada a ce labari kawai nake bayarwa. In na ce uku, ko biyar, ko shida, ƙirgen matakai nake nufi daga bes: daga do zuwa mi uku ne, zuwa so biyar, zuwa la shida. Babbar dokarsu ita ce ta matakai takwas. Ta ce in bes na hawa ko yana sauka daga do zuwa do, wurin hutawa biyu ne kacal, do da so. Su kaɗai ake ɗora wa uku da biyar. Sauran matakan duk na wucewa ne, shida ake ba su. Sannan abin da za ka ɗora wa mataki ya danganta da inda ya dosa. Ɗauki fa. In bes na hawa zai tafi so, sai ka kama fa-la-do-re. In kuwa daga so ya gangaro zai je mi, sai ka kama fa-so-ti-re. Bes ɗaya, fuska biyu. Haka la, in yana gangarowa zuwa so, sai a ɗaga fa ta zama fi, kunne ya ji ana jan sa zuwa so tun kafin a isa. Yaron Tudun Wada da na ambata, da ya kama wannan a hannu, sai ya ce mini, "Baba, ashe bes ma waƙa yake yi." Shi a da yana ɗaukarsa guduma ce.

Bayan wannan sai sauka iri uku da ake rufe jimla da su, sai karo. Karo shi ne gishirin abin. Za ka riƙe sauti ɗaya a sama alhali bes ya matsa, su yi ɗan gogayya, sannan ka saukar da na saman mataki ɗaya a sami sauƙi. Dole a shirya shi tukuna, a yi karon, a warware. Huɗu ya koma uku, bakwai ya koma shida. Duk wannan a kowane maɓalli cikin goma sha biyu, wato duk sautin da za a iya ɗauka a matsayin do, nake sa su yi, kuma na manna salatif a kan taransifos ɗin fiyanona don kada Shaiɗan ya rinjayi wani.

Hanya ta biyu ta fito ne daga Biyana, babban birnin Ostiriya. Johann Joseph Fux, shugaban makaɗan fadar sarki, ya buga littafinsa Gradus ad Parnassum a 1725 da harshen Latin, a siffar hira tsakanin malami da almajirinsa. Wannan aikin takarda ne da murya, ba ya bukatar wuta, abin da ya sa na fi komawa gare shi ranar da aka ɗauke ta. Malami zai ba ka ɗan gajeren zare, kamar re fa mi re so fa la so fa mi re, sauti goma sha ɗaya. Kai kuma ka saƙa masa murya ta biyu. Matakin farko sauti ɗaya a kan ɗaya. Na biyu, biyu a kan ɗaya. Na uku, huɗu a kan ɗaya. Na huɗu shi ne na riƙo da karo. Na biyar a gauraya su duka. In ka ƙware da murya biyu a ƙara ta uku, sannan ta huɗu. Dokokin suna da tsauri, amma kowacce da dalilinta. An hana muryoyi biyu su jera suna tafiya da tazarar biyar ko takwas, saboda suna narkewa cikin juna kunne ya ji su kamar murya ɗaya, ka yi asarar mutum guda ke nan. An fi son in ɗaya ta hau ɗaya ta sauka.

Haydn, da muryarsa ta fashe aka sallame shi daga kwayar babban cocin Biyana, da wannan littafi ya koya wa kansa, yana kuma yi wa wani tsohon malamin Nafoli, Porpora, hidima yana tsintar ilimi. Da Beethoven ya zo Biyana a 1792, da wannan littafin Haydn ya koyar da shi, kuma takardun darasin suna nan har yau da gyaran malamin a jiki. Haka littafin darasin Thomas Attwood, Baturen Ingila da ya yi karatu wurin Mozart daga 1785.

Kada a ɗauka bakinsu ɗaya. Ɗan Bach, wato Carl Philipp Emanuel, ya rubuta cewa mahaifinsa ba ya bi ta matakan Fux, yana ganin sun bushe. Shi da bes mai lambobi yake farawa, sai waƙoƙin coci masu murya huɗu: ya rubuta bes da kansa, ɗalibi ya cika alto da teno, daga baya ya bar masa bes ɗin ma. Ɗan ya kuma ce shi da mahaifinsa ba sa tare da ra'ayin Rameau. Ni ba na shiga wannan rigima. 'Yan kwaya ina bi da su ta hanyar Bach, 'yan situdiyo ta hanyar Nafoli, mai haƙuri kuma in ƙara masa Fux. Abin da ya haɗa hanyoyin uku shi ne ɗalibi yana yin abin da hannunsa da bakinsa kullum, malami na zaune kusa yana gyara.

Edita, duk wanda ya zauna a zauren malami ya san wannan tsari. A Nafoli ma a kan wani allo da ake gogewa yara ke rubuta darasin saƙar muryoyi, malami ya duba, a goge a sake. Ba a fara wa almajiri da muhawarar malaman nahawu, Ajurumiyya ake ba shi ya haddace, ya yi ta maimaita misalai har su zauna a harshe. Kuma a zauren nan ne magabatanmu suka karanci aruli, ma'aunan waƙa da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara don Larabci. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u suka ɗauki ma'aunan suka zuba Fulatanci da Hausa a ciki, ba wanda ya ce waƙoƙinsu sun zama na Larabawa. Wannan ce amsata ga masu cewa ina cusa wa yara kiɗan Turawa, ko kiɗan coci. In asali ake bi, Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa yana auna tazarar sautuka a kan tsirkiyar udu, tun kafin a haifi kakannin Fux. Lissafin ɗaya ne ko'ina. Ɗauki gurmi ko garaya, ka danne tsirkiya a tsakiyarta, za ka ji sautin farko ya dawo a sama, tazarar takwas ke nan. Ka bar kashi biyu cikin uku ya yi rawa, ka sami biyar. Maganar halasci ko haramcin kiɗa kuwa ta malamai ce, ni ina magana ne a kan waɗanda suka riga suka riƙe shi sana'a.

Inda nake so a tsaya a yi tunani shi ne wajen ɗora wannan ilimi a kan namu waƙoƙin, domin nan ne ake yin ɓarna. Da yawa daga cikin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, babu fa babu ti, kuma ba lallai su dire a kan do ba. In yaro ya zo da kod huɗunsa ya danna musu so-ti-re-fa, sai ka ji waƙar ta sauya dangi. Tsofaffin littattafan sun fi sabbin sauƙin kai a nan, don zaren Fux da na kawo a sama a kan re ya fara a kan re ya ƙare, yana da wasu a kan mi da la. Wanda ya saba da su ba ya ganin dole ne kowace waƙa ta koma do.

Sai matsalar karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka a cikin kalma. In ka ja gaɓar ƙarshe ta kuka ƙasa, itaciya ka ambata, ba hawaye ba. To dokar da ta ce in sofurano ya hau bes ya sauka, in aka bi ta ido rufe a kan gaɓa ɗaya, dole ɗaya daga cikin muryoyin ta karya Hausar. Duk mai zuwa coci ya san waƙoƙin da aka ɗora wa kalmomin Hausa a kan karin Ingila, yadda wasu kalmomin ke fitowa a karkace, shi ya sa waƙoƙin zumuntar mata suka fi shiga jiki. Yarabawa da Ibo sun daɗe suna fama da wannan. Magani ɗaya yana cikin tsohon ilimin: kwaikwayo. Murya ta farko ta fara jimla, ta biyu ta shigo daga baya da jimlar nan da hawa da saukarta daidai, a sama ko a ƙasa, ta uku ta biyo. Kowa ya faɗi Hausarsa daidai, kuma muryoyi sun saƙu. Wanda ya saurari yadda 'yan amshin Ɗanƙwairo ke karɓe waƙa tun uban kiɗi bai dire ba, ya san kunnenmu ba baƙon wannan ba ne. Abin da ya rage a rubuta shi, a faɗaɗa shi.

'Yan Kudu sun riga mu. Fela Sowande ya taso a kwayar babban cocin Legas ƙarƙashin T.K.E. Phillips, ya tafi Landan ya ƙware a ogan, babban abin kiɗan coci, ya dawo da ilimin kan waƙoƙin Afirka ta Yamma, ya tsara su don taron masu goge irin na Turai a 1944. Fela Kuti ma sai da ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan a 1958. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960, Legas kuma tana da ƙungiyar kiɗa ta MUSON tun 1983. Mu da muke da Shata da Narambaɗa da Ɗan Maraya, da kakaki da algaita da kotso, ina wanda zai zauna ya tsara karinsu don muryoyi huɗu ko don badujala ba tare da ya lalata shi ba?

Ba kuɗi ne ya tare mu ba. Littattafan nan duk sun tsufa, ba mai haƙƙin mallakarsu, suna nan kyauta a intanet, a rumbun IMSLP. Abin da ke tare yaranmu harshe ne, don da Italiyanci da Latin da Jamusanci aka rubuta su, fassarar Turancin ma mai nauyi ce. Saboda haka nake kira ga malaman kiɗa na kwalejojin ilimi da malaman Hausa na jami'ar Zariya da ta jihar Kaduna, su zauna tare su mayar da dokokin Fenaroli Hausa. Shafuka kaɗan ne. A gayyaci tsofaffin 'yan badujala na soja da 'yan sanda da ke zaune a Kawo da Unguwar Rimi da Barnawa ba aikin yi, da shugabannin kwaya, don a daidaita kalmomi, kada kowa ya ƙirƙiri nasa kamar yadda nake yi a baranda. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ke naɗar makaɗanmu tun 1962, ina roƙon ya ba ɗalibai dama su saurari tsofaffin faya-fayai su rubuta karinsu a nota, domin sai da zare ake saƙa, kuma gara zaren ya zama namu. Mawaƙan da Allah ya buɗa wa ta hanyar biki da siyasa, ɗaukar nauyin malami ɗaya da ɗaki ɗaya da fiyano mai batir bai kai kuɗin tayar motarsu ba.

Ga shugabannin kwaya da masu situdiyo kuma, ba sai kun jira kowa ba. Kafin a fara gwaji, a ware kwatan awa. Rabin yara su rera do zuwa do a hankali a matsayin bes, rabi su bi su da uku a sama, gobe da shida, jibi a gwada riƙo da karo, sannan a musanya. Mai fiyano ya yi dokar matakai takwas a maɓalli ɗaya kowane mako, hawa da sauka, har ya zagaye goma sha biyun. A gaya musu tun farko cewa abin zai gundure su kafin ya yi daɗi, kuma wanda ke neman fitar da waƙa ranar Juma'a mai zuwa ba zai ga amfaninsa a wannan Juma'ar ba.

In jaridarka za ta ba da ɗan gurbi sau ɗaya a wata, a shirye nake in riƙa aiko da darasi ɗaya da do-re-mi, wanda ba ya bukatar a buga nota, masu karatu su aiko da amsa a gyara musu.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Tsohon ɗan badujala,
Kakuri, Kaduna.